Minsharin Filafilin Otilia

A kogin Guapi, zamanin da injin jirgi bai cika mana kunne ba, mace ba ta buƙatar sallama in ta doso gida. Filafilinta ne ke yi mata. Za ta jingina mariƙinsa a gefen kwalekwale, ta murɗa shi cikin ruwa, sai katakon biyu su ɗauki wani gurnani mai kauri da ake ji tun kafin a hango mai shi. Minshari muke ce masa. Kowace mace da nata, kuma uwar da ta isa uwa tana cikin ɗakin girki za ta gaya maka wace 'yar ce ta karyo kwana, har ta gaya maka ko da fushi ta dawo.

Na Otilia Banguera ya fi na kowa a zamaninta, kuma duk wanda ya ce ba haka ba, to ko dai bai ji ba ne, ko kuma ƙanwarsa ce ta sha kaye. Nata yakan fara ƙasa-ƙasa, ya ja dogo, sannan ya ɗan sarƙe a ƙarshe kamar na mai barcin da aka taɓa wa ƙafa. Masu kamun kifi a bakin gaɓa sukan ɗaga kai tun ba su ga kowa ba, su ce, "Ga 'yar Nemesia nan." Ba ta koya wa kowa ba, don ita ma ba ta san yadda take yi ba. Rabi daga wuyan hannunta yake fitowa, rabi daga kwalekwalen.

Ubanta ne ya sassaƙa mata shi. Apolinar mutum ne mai ƙarancin magana, gizagonsa ke yi masa hira. Shekarar da ta zama budurwa ya kayar da itace can sama da ƙauye, ya jawo shi ta ruwa, ya kira ta ya ce ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ya auna faɗin ƙugunta da taƙi, ya ƙara ɗan wuri a kai.

"Wannan ƙarin na haihuwa ne," ya ce. "Abin da ya wuce haka kuma, ke kika jawo wa kanki."

Uwarta Nemesia tana gefe tana goga kwakwa, ta yi dariya har ta ajiye aikin. A lokacin Otilia siririya ce ƙwarai, irin waɗanda in iska ta taso ake ce musu su riƙe bango.

Wannan kwalekwale shi ne ƙuruciyarta gaba ɗaya. Kogin namu da teku yake tafiya, kullum ya cika ya janye. Da kwalekwalen take gangarawa kasuwar Guapi in ruwa ya fara janyewa, an loda mata kwakwa da agada har sai kanta kawai ake gani, ta hauro in ruwa ya dawo, ɗauke da gishiri da kananzir da sabulu. 'Yan mata kan jero suna waƙa, suna amsa wa juna daga wannan gaɓa zuwa waccan, tururi na tashi a kan ruwa, hayaƙin girki na fitowa daga gidajen da ke tsaye a kan dirkokinsu. Kafin ta iso ƙasan gida Nemesia ta riga ta fito baranda, hannu a ƙugu. Abu ɗaya take faɗa kullum, ko an daɗe ko ba a daɗe ba: "Sai yanzu?" Ba ta taɓa ce mata sannu ba, don Nemesia irin matan nan ce da suke ganin yabo ɓata yaro yake yi.

Daga baya aure ya zo, 'ya'ya biyu suka zo, mijin ya tafi aikin katako wani kogi ya manta hanyar dawowa. Apolinar ya rasu. Ciwo ya shiga kwakwa, bishiyoyi suka riƙa mutuwa a tsaye. Otilia ta kife kwalekwalenta a ƙarƙashin gida, ta rataye filafili a bayan ƙofa, ta ce wa uwarta wata shida kawai za ta yi a birnin Cali. Jirgi mai inji ne ya ɗauke ta, kuma Nemesia ba ta fito baranda ba ranar.

Wata shidan ya zama shekara ashirin da ɗoriya. Ta sami gefen titi kusa da tashar bas, ta kafa tiren dafaffen chontaduro, 'ya'yan wata bishiya dangin kwakwar manja, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno da wuƙa a hannu, tana ferewa, tana barbaɗa gishiri, tana ɗiga zuma. Da wannan tiren ta yi wa yaranta makaranta, ta gina ɗaki biyu na bulo, kuma babu wanda ya isa ya raina wannan. Sai dai mutum in ya zauna daga safe zuwa yamma, jiki yakan ɗauka an gama da shi ne. Maƙwabciyarta a titin soye-soye take sayarwa, abin da ya yi kwantai kuma ba a zubarwa. Ga burodi da arha, ga lemon kwalba mai sanyi a garin da ba ka da kogin faɗawa in zafi ya dame ka. Ƙibar ba ta zo da hayaniya ba, kowace shekara dai sai tela ya sake awo.

Mutanen ƙauye ma sun sa hannu. In ta zo bikin ƙarshen shekara, sai an miƙa mata hannu biyu kafin ta hau gaɓa, mata su kewaye ta suna tafa mata damtse suna cewa, "Lallai Cali ta karɓe ki." Ita kuwa ta ji daɗi, don a wajenmu wanda ya dawo daga birni a rame, an san wuya ya sha.

Likita ya yi magana har ya gaji. Ga hawan jini, ga suga na leƙowa, gwiwoyi kuma sun fara ƙara in ta tashi. Takan ce to, ta karɓi ƙwayoyi, ta biya ta wajen maƙwabciya a hanyar komawa. 'Yarta Marleny ta sayo mata takalmin gudu, fari tas, ya yi ta kwana a cikin kwalinsa a kan kabad.

"Mama, ko zagaye unguwa ne ki riƙa yi."

"In yi gudu in je ina? Wa ya biyo ni?"

Ta taɓa shan shayin rage ƙiba da ya hana ta zaman kasuwa, ta ɗaura wata ɗamarar roba da ta fito mata da ƙuraje. Gaskiyar magana, Otilia ba ta ga abin da za ta yi da siririn jiki ba. Ta haura hamsin, ba miji take nema ba, kujerarta kuma ba ta taɓa yi mata ƙorafi ba.

Ana nan sai ƙanwarta Ninfa, wadda ta zauna a ƙauye tana kula da tsohuwa, ta bugo waya wata safiya. Idon Nemesia ya daɗe da tafiya, farar yana ce ta rufe shi, wannan kowa ya sani. Yanzu kuma kan ne ya fara rikicewa.

"Yaya, ki zo. Jiki dai da sauƙi, amma tana ta tambaya ko kin dawo daga kasuwa."

"Wace kasuwa?"

"Ta Guapi. Wai tun safe kika tafi."

Otilia ta bar wa Marleny tiren, ta kama hanya. Tsanin gidansu ya ƙara tsawo tun zuwanta na ƙarshe, ko kuma haka ta gani, don sai da ta huta a tsakiya. Ta tarar da uwarta a baranda cikin kujerar lilo, ta ƙanƙance, fuskarta a juye wajen kogi. Ta durƙusa da ƙyar ta kama hannunta.

"Mama, na zo."

Nemesia ta ɗora tafin hannu a kumatunta, ta shafa wuya, ta gangaro damtse ta ɗan matsa shi kamar mai tayin kabewa. Sannan ta juya hannun Otilia ta shafa cikinsa, wanda man chontaduro ya daɗe da mayar da shi laushi. Ta yi murmushi irin na karɓar baƙi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

"Ni ce fa, Mama. Otilia."

"Ashe sunan 'yata gare ki. Ta tafi kasuwa, yanzu za ki ji ta. Ninfa, kawo wa baƙuwa kujera. Mai ƙwari."

Ninfa ta shige ɗaki da sauri, ita kanta ba ta tantance ba ko dariya ce ta taso mata ko kuka.

Babu abin da Otilia ba ta gwada ba. Ta ambaci sunan ubanta, ta ɗora hannun tsohuwa a kan tabon gwiwarta na faɗowa daga tsani, ta rera waƙoƙin da suke yi a kan ruwa. Nemesia takan gyaɗa kai ta ce, "Ashe kin san mu sosai." Haka Otilia ta zama Baƙuwa a gidan da aka yanke mata cibiya. Ita ke yi wa tsohuwa wanka, ita ke tsefe mata kai, ita ke ba ta abinci a baki, kuma duk abin da ta yi sai Nemesia ta ce, "Allah ya saka miki, baiwar Allah." Wannan godiyar ce ta fi ci mata rai. Da faɗa ne, da ta san inda za ta ajiye shi.

Duk lokacin da ruwa ya fara cika, tsohuwa takan sa a fito da ita baranda ta kasa kunne. Jiragen inji in sun wuce, tsaki take bin su da shi. Masu filafili kuwa sun yi ƙaranci, amma duk wadda ta wuce sai ta faɗi sunanta, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Wata rana Otilia na tsaye a bayanta da mataji, sai ta juyo kaɗan.

"Ba ki taɓa jin filafilin 'yata ba, ko? To ba ki ji komai ba. Duk kogin nan babu kamarta. Ban taɓa faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura. Ke ma kada ki faɗa mata."

"Ba zan faɗa ba."

"In ta karyo kwanar can, sai in ji zuciyata ta sauka. Amma in ta iso sai in yi mata faɗa. Haka ake riƙon 'ya mace a bakin ruwa."

Otilia ta ci gaba da taje furfurar, ba ta ganin abin da take yi. Tun tana yarinya take jiran wannan magana, ga shi ta zo, kuma ba ita aka faɗa wa ba.

Washegari ta ciro filafili daga bayan ƙofa, ta aika aka kira Críspulo, ɗan kawunta, abokin wasanta tun suna wanka tsirara a bakin ruwa, wanda yanzu gyaran jirage ne sana'arsa. Suka jawo kwalekwalen daga ƙarƙashin gida. Apolinar ya iya zaɓen itace, don ban da tsaga guda da Críspulo ya toshe da kwalta, babu abin da ya same shi. Da ya gama, ya dubi kwalekwale, ya dubi Otilia, ya sake duban kwalekwale.

"Wa za a sa a ciki?"

"Ni."

"Ke duka, ko ƙafa ɗaya?"

"Críspulo, zan fasa maka kai da filafilin nan."

"To ki bari in kira mutane tukuna, kada a ce an yi biki ban gayyaci kowa ba."

Bai ma sha wahalar kira ba, ƙauye ya riga ya hallara. Otilia ta sa ƙafa ɗaya, kwalekwale ya yi rawa. Ta sa ta biyu, ta zauna, amma ƙugun ya ƙi shiga, ya dire a kan gefe biyu kamar murfin da ya fi tukunya. Ruwa ya fara shigowa ta baya a hankali, kwalekwale ya yi ƙasa da ita tana zaune daram, filafili a hannu, har ruwa ya kawo mata ƙirji. Aka yi dariya har wasu suka zauna a taɓo. Ita ma ta yi, sai da ta ji muryar uwarta daga sama.

"Me ya faɗa ruwa?"

"Baƙuwa ce, Mama," in ji Ninfa.

"Ayya. Mutanen birni ba su san ruwa ba. Ku fito da ita."

Ta gwada babban jirgin Críspulo, wanda yake ɗaukar katako da shi. Wannan kam ya ɗauke ta, amma kafin ta zo daidai gida numfashinta ya ƙare, kuma abin da filafilin ya fitar ya fi kama da kukan ƙofa mai tsatsa. Nemesia ta yamutsa fuska ta ce, "Jirgin Críspulo ne wannan. Wa ya ara wa? Ko wane ne, ya ji tsoron Allah ya daina wahalar da katako."

Ninfa ta kawo shawarar a nemi siririyar yarinya a sa ta a ƙaramin kwalekwalen. Otilia ta ce matar da ke gane fushi a filafili ba za a yi mata wannan ba. Críspulo ya ce zai iya sa gizago ya ƙara faɗin cikin, amma katakon zai yi siriri, muryar kuma ta canza. Su uku suka tsaya suna kallon abin da Apolinar ya auna da taƙi. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma duk sun san ta. Da yamma Otilia ta buga wa Marleny waya ta ce ta ci gaba da riƙe tiren, ta kuma aiko mata da takalmin nan na kan kabad.

Takalmin fita ɗaya ya yi. Ruwa na janyewa ta sa shi ta sauka gaɓa, taɓo ya haɗiye ƙafa ɗaya, har yau ba a gan shi ba. Ta koma tafiya ba takalmi kamar yadda ta taso, daga tsanin gida zuwa bakin rafi ta dawo, tana haki, yara na bin ta a baya har suka gaji suka daina. Ta karɓe ɗiban ruwa da faskare daga hannun Ninfa. Da sassafe kuma takan ari babban jirgin ta shiga rafin bayan ƙauye, inda kunnen tsohuwa ba ya kaiwa, ta yi ta tuƙi. Hannu ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi a kan na da. Akwai safiyar da ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin gado tana zagin Apolinar da taƙinsa, sannan ta nemi gafararsa ta tashi.

Abinci ya fi tuƙi wuya. Ta ce wa Ninfa a daina soya kifi, a riƙa turara shi a kan agada da ganye kamar yadda ake yi da, a kuma rage madarar kwakwa. Ninfa ta kumbura fuska, don a ganinta miya ba kwakwa wankin kwano ce. Amma babbar abokiyar gaba ita ce Nemesia da kanta, wadda idonta ya tafi amma kunnenta na kan kwanon baƙuwa.

"Na ji cokalinki ya tsaya da wuri. Abincinmu bai yi miki ba ne?"

"Ya yi, Mama. Na ƙoshi."

"Mace kamarki? Ninfa, ƙara mata. Kada ta koma garinsu ta ce an bar ta da yunwa a gidan Apolinar."

Sai Otilia ta koyi dabara. Ninfa ta ƙara, ita kuma ta juye a kwanon Ninfa a hankali, ta zauna tana kankarar kwano wayam da cokali har tsohuwa ta gamsu. Bayan 'yan watanni Ninfa ta tsaya a gabanta tana jan rigarta da ta matse.

"Yaya, ƙibar nan taki fa ba tafiya take yi ba. Ƙaura take yi zuwa wajena."

Kada wani ya ce maka ba ta taɓa karaya ba. Ranar bikin waliyyin ƙauye ta ɓuya a bayan coci da farantin alewar kwakwa, ba ta tashi ba sai da ta ga gindinsa. A nan Críspulo ya same ta, baki duk suga, ido ya yi ja.

"Cali zan koma," ta ce. "Na tsufa da wannan hauka. Ko na shiga, wa ya ce za ta gane?"

Críspulo ya zauna a gefenta, ya lakaci abin da ya rage a farantin.

"Shekaranjiya ina gyaran raga a bakin rafi na ji wani abu. Na ɗaga kai ina neman yarinya mai kitso biyu, har na manta na yi jikoki." Ya lashe yatsa. "Sai na ga ashe ke ce, kin cika min jirgi. Amma hannun ya fara dawowa, 'yar birni. Ban so in faɗa miki ba."

"Duk danginmu haka kuke," in ji ta. Ba ta koma Cali ba.

Abin da ba ta zata ba shi ne kogin zai dawo mata tun kafin ƙugun ya sauka. Ta sake sanin inda ruwa ke juyawa a bayan tsibiri, da inda ake raɓawa gaɓa don a kauce wa igiyar ruwa. Jikinta ya tuna abubuwan da kanta ya manta. Wata safiya ta ji tana waƙa, ta tsaya a inda ake amsawa, babu wanda ya amsa. Gidajen ƙawayenta da yawa sun zube, dirkoki kawai suka rage a tsaye. Wasu suna Cali, wasu Buenaventura, wasu suna maƙabarta a kan tudu. Ta yi kewar su ƙwarai, ta yi kewar yarinyar da take a cikinsu, ta ƙarasa waƙar ita kaɗai, ta amsa wa kanta. Da ta dawo ranar nan ta hau tsanin gida ba ta huta a tsakiya ba, kuma sai da ta kai sama ta lura.

Sai dai tsohuwa ba jira take yi ba. Ta fara rage cin abinci, zaman baranda ya gagare ta, aka mayar da gadonta kusa da taga. Duk da haka ba ta fasa tambaya ba.

"Ruwa ya cika?"

"Ya cika, Mama."

"To yanzu za ta zo."

Wata rana ruwa ya cika ya janye, Nemesia ba ta ji filafilin 'yarta ba. Can ta lalubo hannun rigar baƙuwa.

"Ko dai fushi ta yi? Ina yawan yi mata faɗa."

Ninfa ta jawo yayarta ɗakin girki ta rufe ƙofa. "Yaya, in za ki gwada, ki gwada. Ba na jin za ta ga ƙarshen watan nan."

Otilia ba ta zama siririya ba, kuma ba za ta sake zama ba. Wanda bai san ta da ba, in ya gan ta zai ce ga mace mai jiki. Gwaji na ƙarshe da ta yi da ƙaramin kwalekwalen a rafi, ƙugun ya ɗan shiga ya tsaya. Amma washegari, ruwa na fara cika, ita da Críspulo suka ja ƙaramin kwalekwalen a bayan babban jirgi zuwa ƙasan kwana, ta inda mai dawowa daga kasuwa ke ɓullowa. Tana riƙe da ƙullin gishiri. Críspulo ya kalli ƙullin ya buɗe baki, ya fasa.

Ta sa ƙafafu, ta sauka a hankali. Katako ya kama ta dama da hagu, ya murje mata fata. Ta fitar da numfashi gaba ɗaya, ta ɗan karkata, sai ta ji ta zame ta zauna a ƙasan, daidai inda take zama da. Ruwa ya tsaya gab da baki, bai shigo ba.

"Kada ki yi atishawa," in ji Críspulo, ya saki igiyar.

Da farko filafilin ya ƙi magana. Tsoro ya sandarar mata da wuyan hannu, tana tuƙi kamar 'yar koyo, ruwa kawai ke ƙara. Ta karyo kwana, ta hango rufin gidansu, sai wani tunani na banza ya faɗo mata, wai ta makara, za a yi mata faɗa. Hannun ya saki. Gurnanin ya taso ta ƙarƙashinta, ya bi katako ya shiga ƙashin bayanta, ya fara ƙasa-ƙasa, ya ja dogo, ya sarƙe a ƙarshe. Wani tsoho da ke wanke raga a gaɓa ya miƙe tsaye bai ma juyo ba, ya ce, "Ga 'yar Nemesia nan."

Kafin ta iso ƙasan gida an riga an fito baranda. Ninfa na tallafe da tsohuwa ta baya, ita kuwa ta kama katakon baranda da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙugu. Muryar ta zama siririya, amma ita ce.

"Sai yanzu?"

"Ruwa ne bai cika da wuri ba, Mama."

"Kullum da hujja. Kin sayo gishirin?"

"Na sayo."

Fita daga kwalekwalen ya fi shiga wuya, amma ta fita, ta ɗaure shi a dirka, ta hau tsani. An zaunar da Nemesia a kujerar lilo, fuskarta a buɗe kamar an kunna fitila. Daɓen katako ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafar Otilia, tsohuwa ta karkata kunne, ta san takun.

"Baƙuwa, ɗan matsa daga bakin tsanin, 'yata na hawowa."

Otilia ta riga ta yi tunanin nutsewa, ta yi tunanin filafili zai ƙi magana, amma wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta durƙusa, ta ɗora ƙullin gishirin a cinyar uwarta.

Nemesia ta lalubo don ta karɓa, hannunta ya faɗa a kan na Otilia. Babban yatsanta ya tsaya. Ya bi kantar da ke gindin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan wadda ke gefen tafin hannu, mai tauri, wadda babu mai ita sai macen da ke murɗa filafili a jikin kwalekwale. Ta daɗe a wurin. Sannan ta ɗaga ɗaya hannun ta shafa kumatun da take shafawa kullum.

"Kin yi ƙiba," ta ce.

"Na yi, Mama."

"Me suke ba ki a kasuwar nan?" Ta sake shafawa. "Ya yi miki kyau. Da kin cika rama. Ninfa, zuba wa yayarki abinci, tun safe take kan ruwa."

Ninfa ta tafi tana share fuska da bakin zane. Nemesia ta juya kai dama da hagu tana saurare.

"Ina baƙuwar nan?"

"Ta ɗan fita, Mama."

"In ta dawo ki yi mata godiya da kyau. Duk daɗewar nan da kika yi, ita ta riƙe ni. Ko abincin kirki ba ta ci, baiwar Allah. Kankarar kwano take yi, ta ɗauka ban sani ba."

"Zan faɗa mata," in ji Otilia.

Ninfa ta kawo kifi da agada, wannan karon da madarar kwakwa yadda ya kamata. Otilia ta zauna a ƙasa a gindin kujerar ta ci. Da hagu ta ci, don tsohuwa ba ta saki na daman ba.